Littafin aikin CB350: neman haƙoran da suka dace

2 ga Maris

Yau na fara fita da babur ɗin kan babban titi tun bayan da na gama haɗa injin. Honda CB350 ne ƙirar 1971, silinda biyu, giya biyar, cikin waɗanda kamfanin ya yi daga 1968 zuwa 1973. A ƙananan hanyoyi ban ga aibunsa ba, kana taɓa totur zai zabura kamar an tsikare shi. Sai da hanya ta miƙe na sa lamba biyar sannan na ji abin da ban so ba. Maleji na kan kilomita 100 a awa, allurar juyin inji kuwa tana shafar 7,000 a minti. Madubai sai rawa suke, ba ka ganin komai a ciki sai dishi-dishi, kafin minti ashirin tafin hannuna ya mutu murus. Sau uku ƙafata tana laluben lamba shida, alhali babu ita.

Na san injin nan dama mai karkarwa ne, haka aka yi shi: fistin ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ba a kuma sa masa abin da zai shanye girgizar ba. Amma wannan ta wuce ta gado.

Da na dawo na bar shi ya huce, na kwance murfin hagu, na ɗiga fenti a haƙori ɗaya na faifan sarƙa don kada ƙirga ta rikice. Faifan sarƙa na gaba haƙora 15, na baya 38. Littafin kamfani 16 da 36 ya ce. Wato wanda ya riƙe babur ɗin kafin ni ya rage ɗaya a gaba, ya ƙara biyu a baya. Faifan 38 ɗin ma na gane asalinsa, na ɗan'uwansa CL350 ne, mai salansa a sama, wanda aka yi don hanyar burji. Haƙoran duk sun lanƙwashe gefe guda kamar ƙugiya. Na auna gaɓa 20 na sarƙar na samu milimita 326, sabuwa kuwa 317.5 take. Ta gama yawo. Tunda dole in sauya duka ukun, gara in zauna in zaɓi abin da nake so, ba in sayo abin da na tarar ido rufe ba.

6 ga Maris

Yau ba sifana, biro da takarda ne.

Juyin inji kafin ya isa ƙasa sai ya bi ta ƙofa uku, kowace tana canza shi. Ta farko tsakanin karanshaf da kuloci, a wannan injin 3.714 ce, kuma ba ta canzawa. Ta biyu cikin giyabos, ita ce ƙafarka ke zaɓa: lamba ɗaya 2.353, biyu 1.636, uku 1.269, huɗu 1.036, biyar 0.900. Ta uku ita ce sarƙa, ka raba haƙoran baya da na gaba. In ka ninka ukun, ka san sau nawa inji zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Da haɗin kamfani, 36 raba 16 ya ba da 2.250, a lamba biyar jimilla 7.52. Da wanda na tarar, 38 raba 15 ya ba da 2.533, jimilla 8.47.

Saura taya. Abin da aka rubuta a jikinta 3.50-18 ne, amma ban yarda da lissafin rubutu ba, don taya tana lotsewa in an hau. Na cika iska daidai, na zauna a kai, ƙanena ya shata alli a taya da ƙasa, na tura har ta juya sau uku, ya auna: mita 6.06. Kowane juyi mita 2.02 ke nan. A gudun kilomita 100 a awa taya na juyi 825 a minti. Ninka da 8.47, ka sami kusan 6,990. Abin da allura ta nuna min ke nan ranar nan, saboda haka lissafin da agogon sun gaskata juna. Haɗin kamfani zai ba da 6,200.

Daga nan na jera sauran. 17 da 36 zai kawo 5,840. 16 da 34 kusan haka ne, 5,860. 17 da 34 kuwa 5,520. Abin lura, haƙori ɗaya a gaba ya fi biyu na baya tasiri, domin ɗaya cikin 16 ya fi kashi 6 cikin ɗari, ɗaya cikin 36 bai kai 3 ba.

Idona ya tsaya a kan 5,520 ɗin nan ya ƙi gusawa.

9 ga Maris

Na ɓata dare biyu ina tunanin giyoyin ciki. Akwai masu ƙera wa wannan injin giyabos na tsere, mai lambobi kusa da juna, tunda har yau ana tseren tsofaffin babura da shi. Kafin in ruɗi kaina na duba tazarar da ke tsakanin lambobin da nake da su. In na kai inji 8,000 na canza daga ɗaya zuwa biyu, zai faɗo 5,560. Daga biyu zuwa uku 6,200, daga uku zuwa huɗu 6,530, daga huɗu zuwa biyar 6,950. Rami ɗaya ne babba, na ɗaya zuwa biyu, sauran suna tsukewa yayin da ake hawa. Da gangan aka yi haka. A ƙasa kana buƙatar ƙarfin tashi daga tsaye, a sama iska ta yi yawa, inji ba zai jure faɗuwa mai nisa ba.

Giyabos na tsere yana cike ramin nan ne ta hanyar nauyaya lamba ɗaya. Ɗan tsere sau ɗaya yake tashi daga tsaye a duk tseren, ni kuwa kowace mahaɗa sai na tsaya. Ga shi sai an sauke inji an raba shi gida biyu, injin da ban daɗe da rufewa ba, ko ɗigon mai ba ya yi. Na haƙura.

Amma zaman bai tashi a banza ba, ya fito min da abin da ya kamata in riƙe: faifan sarƙa ba ya taɓa tazarar da ke tsakanin lambobi. Duka biyar ɗin yake ɗagawa tare ko ya sauke su tare. Duk sauƙin da na saya wa lamba biyar, lamba ɗaya ce za ta biya.

Na rubuta wannan da hannuna, sannan na je na yi odar 17 da 34. Na haɗa da 16 da 36 ma, wai don ajiya.

21 ga Maris

Kaya sun iso. Sarƙa 530 ce, kamar ta asali. Lambar farko tana nuna tazarar gaɓa da gaɓa, kashi 5 cikin 8 na inci, wato milimita 15.875. Sauran biyun faɗin ciki ne, kashi 3 cikin 8, inda 520 take da rubu'in inci. Na so mai zoben roba a tsakanin gaɓoɓi don ta fi riƙe maiko, amma ta fi kauri, kuma da na auna sararin da ke tsakanin faifan gaba da jikin inji ban ga wurin da zan yi wasa da shi ba. Na taɓa ganin injin da sarƙa ta ci wa jiki har mai ya fara tsattsafowa. Na ɗauki marar roba, zan riƙa shafa mata mai.

23 ga Maris

Ɗauri. Faifan gaba ba wuya, ɗan faranti ne da ƙusoshi biyu ke riƙe da shi. Abin da na ji tsoro shi ne ko 17 zai sami wuri, tunda sandar da ke tura kuloci a nan kusa take bi, kayan kulocin kuma a cikin murfin suke. Kowane haƙori yana ƙara wa faɗin faifai milimita 5, wato 2.5 ta kowane gefe: 16 yana da kusan 81, 17 kusan 86. Na manna ɗan dunƙulen laka a cikin murfin da jikin inji, na rufe, na juya taya da hannu sau da yawa, na buɗe. Sarƙa ta bar sawu a lakar amma ba ta kai ƙarfe ba. Ya shiga, sai dai 18 ba zan ma gwada ba.

Na baya ya fi cin lokaci, akwai babban kilif da ya ƙi fita sai da na aro fulayar da ta dace. Robobin da ke cikin cibiyar taya, masu shanye fizgar sarƙa, sun bushe amma ba su farfashe ba. Na bar su tukuna.

Wurin yanke sarƙa na ɗan yi hankali. Kowane haƙori da ka ƙara, gaba ko baya, yana jawo tayar baya gaba da kusan milimita 4, haƙora huɗu kuma daidai suke da gaɓa biyu. Da 17 da 34 gaɓa 94 za ta isa, har ta fi kyan zama. Na tsaya da abin yankan a hannu, na tuna wadda aka yanke ba ta komawa, na bar ta 96. Taya ta ɗan ja baya amma ƙusoshin ɗamewa ba su ƙure ba. Na bar sakin kusan santimita 2 a tsakiya, na sa kilif ɗin gaɓar haɗi rufaffen kansa yana kallon inda sarƙa ke tafiya. Na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba don in ga sun miƙe, domin shatin da ke jikin ƙarfen baya ba abin dogaro ba ne a babur mai shekara fiye da hamsin.

24 ga Maris

Kilomita 30 na farko na ɗauka na gama aiki. Gudun 100, allura a 5,500, madubai tsaf har ina ganin kalar motar da ke bayana. Inji ya daina ihu ya koma gurnani. Maleji bai ruɗe ba tunda daga tayar gaba yake karatu, canjin faifai bai shafe shi ba. Na yi ta murmushi cikin hular kwano.

Da na juyo gida sai na fuskanci iska, ga ɗan hawa mai tsawo wanda da ido ma ba ka cewa hawa ne. Na murɗe totur har ƙarshe a lamba biyar. Allura ta rarrafa zuwa 6,500 ta tsaya cak, kilomita 118 ke nan. Na kwanta a kan tanki, ba ta ƙara ko ɗigo ba. Na sauko lamba huɗu, nan take inji ya farka, ya haura 8,500, gudu ya kai 134. Babur ya fi gudu a huɗu a kan biyar.

A cikin cunkoso kuma wata sabuwa. Tashi daga tsaye sai na riƙe kuloci rabi na ɗan lokaci, in ba haka ba ya yi tari ya mutu. Sau biyu ya mutu min a mahaɗa, na bayana suna ta hon. A gudun 80 a lamba biyar inji na 4,400, in ka buɗe totur don wuce mota sai ka ji sarƙa na fizga, gudun kuma bai zo ba.

26 ga Maris

Na koma kan takarda, abin da ya kamata in yi tun ranar 9. Lamba huɗu da 17 da 34 jimillarta 7.70. Lamba biyar ta kamfani 7.52. Kusan abu ɗaya ne. Ashe abin da na yi shi ne na mayar da babur mai giya huɗu, na ɗora masa wata ta biyar da ba ta da amfani sai a gangara ko in iska na bayanka, sannan na ƙwace wa lamba ɗaya ƙarfinta, daga jimillar 19.7 ta kamfani zuwa 17.5.

Abin da ya ruɗe ni tun farko wani lissafi ne mai daɗin gani. Honda ta ce na farkon ƙirar nan suna ba da ƙarfin doki 36 a juyi 10,500. In ka ɗauka inji zai kai nan a lamba biyar, haɗin kamfani zai ba ka 169, nawa kuma 190. A takarda ke nan. Takarda ba ta san iska ba. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu, in ka ƙara kashi 12.5 a gudu, sai ka nemo ƙarin ƙarfi fiye da kashi 40. Ina injin 325cc zai samo shi? Kuma ƙarfin irin wannan injin can sama yake zaune. Na nauyaya masa giya har ya kasa hawa inda ƙarfin nasa yake.

Akwai wani dattijon bakanike da nake leƙawa in abu ya cije. Na karanta masa lambobin nan duka yana goge hannu da tsumma, bai ko kalli takardar ba. Da na gama ya ce, "Yaro, haƙori ba ya ƙara wa inji doki. Dokin da kake da shi ne kake zaɓar inda za ka ɗaure shi." Na ce, "Baba, to karkarwar fa?" Ya ce in je in gano a juyi nawa take farawa, in daina yaƙi da duka agogon.

Man fetur ma da na sa ran zai ragu, ban ga wani bambanci ba, tunda rabin tafiyar totur a buɗe yake har ƙarshe.

30 ga Maris

Na bi maganar Baba. A lamba uku da huɗu na riƙa hawa a hankali ina kallon madubin dama. Har 5,800 lafiya. Wajen 6,000 hoton ya fara kaɗawa, a 6,300 ya narke, a nan ne kuma ƙafafu ke fara jin ƙaiƙayi. Ashe ba 5,500 nake buƙata ba. Abin da nake buƙata shi ne gudun da na saba yi a doguwar hanya, 90 zuwa 100, ya zauna ƙasa da 6,000. Ba ƙari.

Da 16 da 36, juyi 6,000 yana zuwa ne a gudun 97. Da 17 da 36 sai a 103. Duk wahalar nan a kan kilomita shida take.

6 ga Afrilu

Na cire 34 na sa 36, na bar 17 a gaba. Taya ta matso gaba da kusan milimita 8, sarƙar 96 ta zauna daram. Da na yanke ta 94 da yau ina neman wata.

Tashi daga tsaye ya dawo hayyacinsa, jimillar lamba ɗaya 18.5. Ba zabura irin ta da, amma ba sai na lallashi kuloci ba. Na koma wancan hawan, iskar yau ba ta kai ta ranar ba, saboda haka gwajin bai cika adalci ba. Duk da haka lamba biyar ta ja har 7,800, wajen 133, ba ta tsaya a hanya ba. A 100 allura na 5,850, madubi na ɗan motsi kaɗan amma ina ganin abin da ke baya.

13 ga Afrilu

Don kada in yaudari kaina na sa 16 na kwana huɗu, haɗin kamfani cif. Gaskiya ɗaya ce, ƙasa da 90 ya fi daɗi ta kowace fuska. Wuce mota ba sai ka sauko lamba ba, kwana ba ka tunanin wace giya kake ciki. Kuma shi ne ya fi kowanne gudu, ya kai 8,500 a lamba biyar, wajen 137. Mutanen da suka zana babur ɗin ba da ka suka zaɓi 16 da 36 ba, na yarda. Na ɗauki ƙanena a baya muka tashi a tsakiyar hawa, ko gezau. Da 17 a wuri ɗaya sai da na ƙara wuta na ja kuloci.

Amma a 100 karkarwa ta dawo, ba irin ta farko ba, sai dai bayan rabin awa hannu ya san da ita.

Akwai wasu ƙananan dalilai biyu da ke bayan 17. Sarƙa ba da'ira take bi a kan faifai ba, gaɓa-gaɓa take lanƙwasawa, saboda haka gudunta na ɗan hawa da sauka a kowane haƙori: kusan kashi 2.2 cikin ɗari a 15, 1.9 a 16, 1.7 a 17. Babban faifai ya fi tausaya mata. Na biyu, 16 yana shiga 96 sau shida cif, wato kowane haƙori gaɓoɓin da ya saba da su kaɗai zai yi ta haɗuwa da su, 17 kuwa sai ya zaga duka kafin ya maimaita, cin ya bazu. Masu son gardama suna kai wannan magana nesa. A ganina sarƙar da ake shafa wa mai a kan 16 za ta binne wadda aka bari a bushe a kan 17. Ban sa su a ma'auni sosai ba.

15 ga Afrilu

Na mayar da 17. Yawancin hawana ni kaɗai ne, a doguwar hanya, kuma ban sayi babur ɗin nan don in ƙure maleji ba. Na ba da ɗan ƙarfin tashi da kilomita huɗu na can sama, na karɓi hannun da ba ya mutuwa. Faifan 16 na shafe shi da mai na naɗe a tsumma, yana cikin akwatin kayan aiki. Canza shi aikin minti arba'in ne har da ɗame sarƙa da daidaita kuloci, duk ranar da tafiya ta zama ta mutum biyu da kaya a hanyar tuddai zan sa shi. Faifan 34 na rataye shi a ƙusa.

28 ga Afrilu

Kilomita 500 a kan 17 da 36. Sarƙa ta ɗan saki kamar yadda sabuwa ke yi, na ƙara rabin juyi a kowace ƙusar ɗamewa, na sake jan zare. Na buɗe murfin hagu na haska fitila, babu sawun gogayya a jikin inji ko a murfin. Haƙoran gaba sun yi sheƙi a tsakiya daidai, ba gefe guda ba, alamar faifan biyu suna kan layi.

Wani abu ya fito da ihun inji ke ɓoyewa a da: in na saki totur na sake buɗewa a lamba biyu, akwai ɗan ƙwas daga baya. Na ɗaga taya na riƙe faifan na girgiza, yana motsi gaba da baya fiye da yadda ya kamata. Robobin cibiyar nan ne da na ce na bar su tukuna. Na yi odarsu yau, in sun iso sai in sake sauke taya.